Harshen da Ya Rage wa Gereon

Bonn, watan Nuwamba

Zuwa ga Winfried, wan mijina, a Osorno, ƙasar Chile,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ximena da yara da jikoki. Ina roƙon Allah ya ƙara wa zuciyar nan taka ƙarfi bayan aikin da likitoci suka yi mata, ya sa wahalar ta wuce ke nan, ya albarkaci shanunka da ciyawar bana. 'Yarmu Imke ta nuna mini hotunan da ɗanka Benjamín ya turo na sabon garken, na ga ka rame kaɗan amma tsayuwar tana nan, hannu a ƙugu kamar mai jiran wanda zai yi wa faɗa. Ku yanzu kuke fita daga sanyi, mu kuma muke shiga. Ruwa bai ɗauke ba tun farkon wata, kogi ya cika har ya hau kan hanyar masu keke, gari kuma yana yin duhu tun kafin mutum ya gama shan kofin yamma.

Mutanen gida suna nan lafiya gwargwado. Imke da mijinta Torben suna Leipzig, ita tana koyarwa, shi yana fama da gyaran tsohon gidan da suka saya, wanda kullum sai ya gano wani sabon wurin da ke yoyo. 'Yarsu Mareile ta shiga makaranta, haƙoran gaba sun zube, ta ce in gaya wa kakanta na wajen shanu wai har yanzu tana jiran ɗan maraƙin da ya yi mata alkawari. Ni ma ina nan, gwiwa ce kawai take tuna mini da shekaru idan zan hau bene. Furannin da kuka aiko lokacin jana'izar Gwaggo Apollonia sun iso a kan kari, ban samu na yi maka godiya yadda ya kamata ba, to ga ta nan yanzu.

Za ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannu daga wajena, ni da na shafe rayuwata a gaban kwamfuta. Maganar ba ta waya ba ce, don ƙanenka Gereon yana gida kullum, kuma ko da yake bakinsa ya gaza, kunnensa bai gaza ba. Ka lura da kanka cewa ya daina kiranka ran Lahadi, kuma da ka kira a watan Yuli ni na ɗauka na ce yana barci. Barcin yake yi da gaske, amma ko da idonsa biyu da ba zai karɓa ba. Ina so ka zauna ka karanta wannan a natse, in da hali Ximena tana kusa da kai.

Ka sha tsokanarmu cewa kai madara kake sayarwa, abin da ake gani a sha, mu kuwa da cinikin iska muke cin abinci. Ba ka yi ƙarya ba. Zangunan nan da waya da rediyo suke bi a sararin sama, hukuma ce take yanka su kamar filaye ta yi gwanjonsu ga kamfanonin waya, dokokin da ake tsarawa a Brussels kuma da rahotannin masana da yarjejeniyoyin kamfanoni yawanci da Turanci suke zuwa. Aikinmu shi ne mu mayar da su Jamusanci yadda lauya da injiniya da alƙali za su karanta su fahimci abu ɗaya. Masu Turanci da kalma ɗaya ta ciniki sukan rufe komai su wuce, mu kuwa harshenmu ba ya yarda. Dole ka faɗi ko kamfani ya miƙa haƙƙinsa ne gaba ɗaya ya wanke hannu, wato Übertragung, ko kuwa ya bar wa wani ya yi amfani ne alhali nauyin yana wuyansa, wato Überlassung. Kai manomi ne, ka san bambancin sayar da gona da ba da ita haya. A kan kalmomin nan biyu ƙanenka ya yi suna. Ya taɓa tsayar da taro guda saboda wani ya ce an sayar da zango, ya tashi ya ce ba wanda ya mallaki iska balle ya sayar, izinin amfani kawai ake cinikinsa, kuma duk wanda ya rubuta akasin haka a takardar doka to ya shirya haɗuwa da shi a bakin ƙofa.

Ka san ɗakin nan namu na sama, da teburan nan biyu masu fuskantar juna. Sama da shekara talatin a nan muka yi su. Shi ba ya iya zama, sai ya riƙe takarda yana kai da kawowa da kofinsa da ya huce, yana karanta Turancin da ƙarfi, ni ina bugawa ina musu. In na kawo kalma sai ya ce wannan ai maganar masu kan kifi ce, mutanen bakin teku da ba su san ƙasa ba, ni kuma in ce gara kan kifi da baƙauyen tsaunukan Eifel da sai da ya shiga jami'a ya fara ganin ayaba. Akwai ranar da muka ƙi yi wa juna magana har dare saboda yadda za a kira izinin da ake ƙwacewa in kamfani ya riƙe zango bai yi amfani da shi ba. Washegari na tarar ya ajiye mini burodi mai zafi a kan tebur, da kalmata a rubuce jikin takardar burodin, ya ja mata layi. Iyakar ban haƙurinsa ke nan, ni kuma ya ishe ni. Lokacin manyan gwanjon nan aiki har ture shi muke yi.

Tun kafin ciwo ya zo sana'ar ta fara mutuwa a hannunmu. Yanzu na'ura ce take fassarawa cikin ƙiftawar ido, sai a turo mana abin da ta yi a ce mu duba kawai. Gereon ya ce wannan daidai yake da a ba tela rigar da wani ya yanka a karkace a ce ya ɗan gyara kafin la'asar. Matasan lauyoyin kuma ba su damu ba, Turancin suke zubawa tsakiyar Jamusanci yadda yake, in ka ba su kalmar gida sai su dube ka kamar ka fito daga gidan tarihi. Masu kawo mana aiki suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, ba sallama, sai dai ka ga wayar ta daina ƙara. A ƙarshe wadda ta rage mana mai kawo fassara ta gaske ita ce Madam Odenthal, wata lauya a Düsseldorf da muka daɗe tare, mace mai tsantseni da ba ta yarda na'ura ta taɓa mata yarjejeniya.

Bayan jana'izar Gwaggo da ɗan lokaci ta turo mana wata yarjejeniya, wani babban kamfanin waya zai bar wa wani ƙarami yanki na zangonsa ya yi amfani da shi a cikin masana'anta. Ina Leipzig a makon, Imke ba ta da lafiya, sai Gereon ya yi aikin shi kaɗai ya aika, aiki ne irin wanda yake yi ko da ido rufe. Da na dawo Madam Odenthal ta kira, ta ce da ni take son magana ba da shi ba. Muryarta a sanyaye take, ta fara da tambayar ko maigidan lafiya. Ta ce ya cakuɗa kalmomin nan biyu, a wani shafi haya, a na gaba miƙawa gaba ɗaya, har da za a sa hannu a haka da ƙaramin kamfanin ya tashi da abin da ba a ba shi ba. Ta ce an kama kafin takardar ta fita daga ofishinta, in kwantar da hankalina, ba wannan ne ya sa ta kira ba. Akwai wata kalma da ya yi ta maimaitawa wadda ba ita ba, ba injiniyoyin ba, ba wanda ya taɓa ji. A wurin da ake maganar ɗan filin da ake bari fayau tsakanin zango da zango don kada su shiga juna, a nan ya sa ta.

Na buga shafin na kai masa na nuna masa kalmar da yatsa. Ya dube ni da haushi, ya ce yanzu wannan ma sai an koya mini, ai kowa ya san ta, ɗan zirin ciyawar nan ne da ba a nomawa tsakanin gonarku da ta maƙwabtanku su Hannes, inda kai da shi kuke zama ku ci burodi lokacin tonon dankali. Yana cikin faɗa sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon shafin, ya juya na gaba, ya dawo. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce bari ya je ya sayo burodi. Sai bayan azahar ya dawo, hannunsa ba komai, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ban tambaye shi inda ya je ba. Daga ranar na fara tuno abubuwan da na riƙa gani a watannin baya ina ɗauka gajiya ce, yadda yake cewa miƙo mini abin nan maimakon ya kira sunan abu, da yadda ya daina karanta Turanci da ƙarfi ya koma motsa baki kawai.

Likitar da muka gani a asibitin jami'a, Dokta Sarikaya, mace ce mai haƙuri. Ta riƙa nuna masa hotuna tana cewa ya faɗi sunan abin da ya gani. Ya faɗi doki, ya faɗi coci, da aka zo kan almakashi sai ya ɗaga yatsu biyu yana yankan iska, ya yi dariya ya ce ai ta gane. Bayan hoton ƙwaƙwalwa da gwaje-gwaje ta zaunar da mu ta ce ciwo ne da yake cin wurin magana a hankali, hankalinsa yana nan, ya san kowa ya san komai, sunayen abubuwa ne suke zubewa. Ta ce a wajen wasu harshen da aka koya daga baya shi yake fara tafiya, kuma da alama haka nasa yake. Gereon ya gyara zama, ya tambaye ta cikin muryarsa ta aiki, wai kalmomin nasa miƙa su aka yi gaba ɗaya ko haya aka bayar. Ba ta gane ba, ta dube ni. Na ce tambaya yake ko za su dawo. Ta ce ba za su dawo ba, za a iya koya masa dabarun da za su ɗan ja lokaci, amma magani babu. Ya gyaɗa kai ya ce to a rubuta hakan a fili, ba ya son takarda mai harshen damo.

Turancinsa ya tafi cikin bazarar nan kamar ba a taɓa yi ba. Mutumin da yake gyara wa 'yan Landan rubutunsu, yanzu in ya ga jaridarsu sai ya juya ta kamar mai neman hoto. Jamusancin makaranta ma ya fara yagewa. Duk da haka da takardar gayyata ta zo daga Mainz a watan Satumba, ta taron da masu fassara da ma'aikatan hukuma suke yi kowace shekara a kan kalmomin sana'ar, ya kafe sai ya je. Sun ji zai ajiye aiki, suna so su karrama shi, ba su san dalili ba. Na roƙe shi mu aika da uzuri, ya ce shi ba gawa ba ne tukuna. Ya yi kwanaki yana haddace 'yan jimloli na godiya a gaban madubi. Ran taron ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, aka kira shi, ya tashi. Jimlar farko ta fita lafiya. A ta biyu ya maƙale, ya tsaya yana kallon gilashin ruwan da ke gabansa, sai kawai na ji bakinsa ya buɗe da yaren ƙauyenku, tiryan-tiryan, da ƙarfi, har da nuni da hannu. Ka san mutanen yankin nan da son barkwanci. Suka ɗauka shiri ne, ɗakin ya kaure da dariya, wani daga baya ya ce a nemo tafinta, ga masu fassara cike da ɗaki an rasa mai ji. Suka yi ta tafi. Shi ma ya yi murmushi ya rusuna ya zauna, sannan ya kama gwiwata a ƙarƙashin tebur ya matse har sai da wurin ya yi shaida. Tun daga ranar bai sake hawa ɗakin sama ba.

Halin da muke ciki ke nan, Winfried. Da safe yakan iya 'yan kalmomi da ni, kofi, sanyi, Imke. In rana ta yi sai yaren ya karɓe, ya yi ta yi mini magana yana kallon idona, yana jiran amsa, ni kuwa ba na tsintar komai sai kalma ɗaya a cikin goma. Ka tuna yadda kuke yi mini a teburin mahaifiyarku, ku juya harshe ku yi ta dariya, ita tana dukan hannunku da cokali tana cewa ku ji tausayin baƙuwa. A lokacin ban ga dalilin koyo ba, shi ma bai so ba, ya ce da ƙyar ya wanke yaren daga bakinsa kafin a daina yi masa dariya a jami'a, ba zai shigo da shi gidansa ba. Ko Imke bai koya wa ba. Na sayo ƙamus na yaren yankin, amma ka fi ni sani, kowane ƙauye da nasa, naku kuma na cikin gida ne, na mutanen da yawancinsu suna maƙabarta. In ya ga ban gane ba sai ya maimaita da ƙarfi, sannan ya buga tebur, sannan ya je ya tsaya a taga. Jiya ya yi ta nuna mini kicin yana faɗin abu, na kawo gishiri, na kawo wuƙa, na kawo magani, ashe gasasshen dankalin tukunyar nan yake so, irin wanda mahaifiyarku take yi a wannan watan. Sai da ya ɗauko tukunyar ƙarfen da kansa ya dire a gabana. Na yi masa, ya ci kaɗan ya ture. Ni da na ci abinci da fahimtar maganar mutane, ga ni a gidana ina kallon bakin mijina kamar kurma.

Ran bikin tunawa da matattu na kai shi ƙauye mu kunna kyandir a kabarin iyayenku da na Gwaggo. Yaran garin duk Jamusancin talabijin suke yi, har limamin cocin ma baƙo ne. Muna tsaye sai ga tsohuwa Kättchen, matar marigayi maƙeri, ana tura ta a keke, ta haura casa'in. Ta ƙura masa ido ta kira shi da sunan gidanku, ya amsa, ya durƙusa a kan tsakuwa a gefen kekenta duk da jiƙar ƙasa. Winfried, da ka ga ƙanenka. Magana ta riƙa zubo masa ba tuntuɓe ba lalube, yana kwaikwayon murya, yana buga cinya, tsohuwa tana dariya har da share hawaye da bakin gyale. Na ji sunanka ya fi a ƙirga, Winni kaza, Winni kaza. Na tsaya a gefe riƙe da lema. Da suka lafa ta juyo ta ce mini da Jamusancin makaranta wai labarin ranar da kuka saki agwagin limami a cikin coci yake ba ta, kuma bai bar ko gashin agwagwa ɗaya ba. Ta ce ba abin da ya sami yaron nan, ni ce ba na jin magana. Na yi murna har na fara lissafin yadda zan riƙa kawo shi duk mako, sai 'yarta ta ja ni gefe ta ce kafin Kirsimeti za su mayar da ita gidan tsofaffi a Trier, hankalinta yana zuwa yana tafiya, yau ne kawai aka yi sa'a. Kafin mu rabu ma na ji tana ba shi saƙon gaisuwa ga mahaifiyarku. A mota, da muka hau babban titi, ya ce, da Jamusancin da zan gane, ina Winni. Na ce kana Chile. Ya ce da nisa.

Ƙarshen shekarar nan zan rufe ofis. Madam Odenthal ta aiko da furanni da kati mai daɗin magana, amma aiki bai sake zuwa daga wajenta ba, ban kuma ga laifinta ba. Abin da ke hannuna yanzu wani rahoto ne a kan yadda kamfanoni biyu za su yi tarayya a zango ɗaya, na'ura ta fassara, ni ina bin bayanta. A tsakiyarsa na ci karo da wata jimla da na san ta kamar tafin hannuna, ta Gereon ce, mun yi rigima a kanta shekarun baya ya yi nasara. Na'urar ta tsince ta a tsofaffin takardun da aka wallafa ta dawo mini da ita daidai, ba abin gyarawa. Na sauko da shafin na nuna masa, na ce ga maganarka. Ya karɓa ya duba sama da ƙasa, ya miƙo mini da ladabi kamar an ba shi takardar wani. Akwai sababbin kalmomi a rahoton da ba a riga an yi musu Jamusanci ba, na zaɓi abin da na zaɓa ni kaɗai, ba wanda ya ce mini kan kifi. Ban san ko sun yi ba, kuma na san ba mai tambaya.

Ga abin da ya sa na rubuto. Dokta Sarikaya ta ce yaren ma ba zai dawwama ba, ba ta san ko shekara ba ce ko ƙasa da haka, daga nan sai shiru. A duniya yanzu kai kaɗai ka rage da zai yi wa magana a gane shi, a mayar masa, a yi masa gardama. Ina roƙonka ka zo. Na san abin da nake roƙo. Na san likitanka ya hana ka doguwar tafiya a jirgi, na san lokacin haihuwar shanu bai gama wucewa ba, na san Ximena za ta ce ba za ta ba da mijinta ba, kuma in ta faɗi haka gaskiyarta ce, ni ma da ni ce haka zan faɗa. Ban sa rai ba, na dai ga bai kamata in yanke maka hukunci ba tare da ka sani ba. In zuwa bai yiwu ba, ka sa Benjamín ya haɗa maka kiran da ake ganin fuska, don murya kaɗai rikita shi take yi, sai ya riƙa waige yana neman mai maganar. Kada ka tambaye shi jiki, kada ka yi masa Jamusancin makaranta. Ka zage shi yadda ka saba, ka ce shi ya bar ƙofar cocin a buɗe. Ko bai amsa ba a karon farko ka sake kira.

Ka gaishe mini da Ximena sosai, ka ce mata ina neman afuwar nauyin da na ɗora wa gidanta. Ka gaishe da Benjamín da matarsa Rocío da yaransu, da 'yarka Liesel in ta zo daga Valdivia, da Don Evaristo da har yanzu Gereon yake ajiye da wuƙar da ya ba shi. Imke da Torben suna gaishe ku, Imke ta san ina rubuta wannan, ta ce in gaya maka ita za ta je har Frankfurt ta ɗauko ka in Allah ya sa. Mareile ta zana maka saniya mai ƙafa biyar, na sa a cikin ambulan.

Saura abu ɗaya. Akwai wata magana da yake yi mini kusan kullum yanzu, gajeriya, in na zo gyara masa wuyan riga ko na ajiye masa abinci. Yakan riƙe hannuna ya faɗe ta yana kallona, fuskarsa ba fushi ba murmushi. Ba ta cikin ƙamus, kuma na ji nauyin tambayar 'yar Kättchen. Na rubuta maka ita a bayan wannan takarda yadda kunnena ya ji, da haruffan da na ga sun fi kusa, ka karanta da ƙarfi wataƙila ka gane. Ko godiya ce, ko ƙorafi, ko sunan wata ne da ban sani ba, ko cewa yake in ƙyale shi ya huta, ka rubuto mini ma'anarta yadda take. Kada ka gyara, kada ka sassauta don ka ji tausayina. In kalma biyu za ta iya ɗauka, ka ba ni duka biyun, ka faɗa mini wadda kake ganin yake nufi.

Allah ya tsare ku, ya ba mu ikon ɗaukar abin da ke gaba.

Taka, matar ƙanenka,
Wiebke